Buhu Talatin a Bakin Iyaka

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. In na shiga rumfar da muke turara shinkafa, kafin in ɗaura zanen aiki sai wata ta ce, "Hajiya Asabe, wai da gaske burodinsu ya kai tsawon taɓarya?" Wata ta ce in ba su labarin jandarmomi, jami'an tsaron can. Ni kuma sai in tsinto wuraren ban dariya in ba su, a yi shewa, kowa ta koma kan tukunyarta. Wata biyu ke nan ina wannan kwana-kwana, kuma abin ya ishe ni. Shinkafar da na tafi da ita tasu ce, rabin labarin kuwa suka ji. To matan rumfa, ga shi nan duka, har da inda ba na son faɗa.

Duk wadda ta yi aikin shinkafa tsakanin Kura da Bunkure ta san Yaya Rabi. Shekara goma sha wani abu tana zuwa mana daga ƙauyensu, Rafin Gawo, can bayan Maraɗi, ita da matan garinsu, su yi mana sheƙa da shanya har kaka ta wuce. A ɗakin bayan gidana take sauka. Ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma ita ta yi jinyar mahaifiyata a ciwonta na ƙarshe, lokacin da ni 'yar cikinta nake can ina fama da injin casa. A daminar bana gulbi ya ɓalle ya cinye garinsu, rumbuna suka tafi da hatsin ciki. Da wayar aro ta kira ni. Ba ta roƙi komai ba, ta ce dai suna zaune a makarantar garin, ita da jikokinta uku, kuma yaran ne ke kuka.

Da na faɗa a rumfa, ban ƙarasa ba mata suka fara kwance bakin buhu. Wannan kwano biyu, waccan kwano biyar, har da waɗanda na san ba su da na gobe. Cikin mako guda muka haɗa buhu talatin. Buhunan da aka zuba ni na bayar, daga cikin waɗanda ke jibge a sitona. A gaban kowa na dafa ƙirji na ce, "Da hannuna zan zuba wa Yaya Rabi a ƙwaryarta." Ban ma sanar da ita ba. So nake ta ga mota kwatsam ta tsaya a ƙofar makaranta, ta ga wadda ta fito daga ciki. Tun daga nan ya kamata in gane cewa akwai abin da ya shiga tafiyar wanda ba tausayi ba ne.

Garba ne ya ja mu, ƙanin maigidana, direban babbar mota da furfura ta gama cin gemunsa amma bakinsa bai tsufa ba. Muna fita Kura bayan asuba ya dubi jakunkunana ya ce, "Matar Yaya, kai taimako za ki ko tarewa?" Na ce ya kama sitiyarinsa. Kafin Bici taya ta fashe, muka yi awa biyu a gefen titi ina masa fifita da mayafi yana zagin mai facin da ba ya nan. A wani shinge bayan Kankiya, jami'in da ya leƙa ƙarƙashin tamfol ya karanta takardarmu ta ƙungiya da ta dagaci, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Ya ce tunda yake aikin nan bai taɓa ganin shinkafa ta nufi arewa da ƙafarta ba, kullum daga can take satar hanya ta shigo. Muka yi dariya tare, na ji kaina ya ƙara girma.

Bayan azahar muka tsallaka iyaka. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, kafin a tambaye ni ko sunana sai da aka ba ni kujera da ruwan sha. Shugaban wurin, wanda suke kira Shef, dogo ne siriri, mai magana a hankali kamar ba ya son tada ƙuda. Ya karanta takardunmu har ƙarshe, abin da ban saba gani ba, sannan ya ajiye.

"Hajiya, mun gode ƙwarai, Allah shi saka. Amma taimakon da ya hito wata ƙasa, ba mai shi ka raba shi ba. Kwamitin gwamnati za a ba, shi raba bisa jerin sunaye. Jibi da sahe motoci za su tahi ɓangaren su Rafin Gawo, kuma ta ƙarshe ba ta cika ba. In kin sa hannu yau, buhunanki su bi ta."

Na ce, "Wace wata ƙasa, ranka ya daɗe? Kana jin Hausata ina jin taka. Baturiya ka ga na yi maka kama?"

"Da kinka shigo an buga maki hatimi ko ba a buga ba?"

An buga. Sai raina ya ɓaci, ni kuwa in raina ya ɓaci muryata ba ta da birki. Na miƙe tsaye a gaban yaransa na ce mu mun ga jiya mun ga yau. Na ce kayan taimako in ya shiga hannun kwamiti, a kasuwa ake sake haɗuwa da shi. Na ce yunwa ba ta jiran hatimi, kuma wanda gidansa ya rushe ba shi da bakin zaɓen hannun da zai ba shi. Garba yana ta taka mini ƙafa, ina janyewa.

Shef bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ruwa ya ci muna gidaje, Hajiya, bai ci ƙasar ba. Mun ga masu zuwa da buhu goma da na'urar hoto ashirin. Mun ga waɗanda sunka shigo da sunan taimako, har yau ba mu san abin da sunka ƙirga sunka tahi da shi ba. Ke ban ce haka kike ba. Amma in kowa ya shigo ya ba wanda ya sani, garin da ba ya da aminiya Kano fa?"

Ni dai na ce ba zan sa hannu ba. Ya ce mota ta tsaya a fili har in yi shawara.

A gidan wata mai sayar da abinci, Inna Hurera, na sauka, Garba kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motarsa. Nan ne wuraren da kuka riga kuka ji. Burodin nan gaskiya ne, dogo ne, ɓawonsa kuma sai da ya kusa tafiya da haƙorina na gaba. Inna Hurera ta yi dariya har da hawaye, ta nuna mini yadda ake tsoma shi a miya. Shayinsu a ɗan kofin da bai wuce babban yatsa ba ake ba ka, sau uku, na farko ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Na shanye na farko na ce na gode, ashe tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Da rana kowa fura yake sha, babba da yaro, sannan gari ya mutu murus har la'asar, ofis ma a rufe. Ruwan wanka kuwa rabin bokiti aka ba ni, a ƙasar da ruwa ya kori mutane daga gidajensu. Na tuna yadda muke barin kanal ɗin ban ruwa yana malala kan hanya a Kura ba wanda ya damu, na yi wankan da rabin bokitin.

Washegari na tashi da niyyar nuna wa Shef cewa ni ma ina da mutane. Matsalar ita ce sabis ɗin wayata ya tsaya a can gida, ba ya kamawa sai an hau sama. Haka na tattare zani na hau kan buhunan shinkafa, mace mai jikoki, ina ɗaga waya sama ina ihu. Na kira wani ɗan siyasa da muka yi wa ruwa da tsaki, na kira wani babban dillali, na kira surukin wata ƙawata da aka ce ya san manya. Kowa ya ce zai duba. Yara suka taru suna kallona, Garba ya ce in jira ya kawo faranti a fara karɓar kuɗin kallo.

Da yamma wasu masu babura suka zo suka ce za su bi da buhunan ta daji, biyu-biyu. Na fara sauraronsu, sai Garba ya kore su. Ranar ce na fara ganin ya daina wasa.

"Matar Yaya, ki sa hannun nan. Ke ce fa kike tsine wa masu fasa kanal su shayar da gonar abokinsu, na ƙarshen layi ya tashi ba ruwa. Mene ne bambancin?"

"Bambancin shi ne wannan amanar mata ce, kuma na yi alkawari a gabansu."

"Alkawarin a ci kika yi, ko na a gan ki?"

Na ce masa in ya gaji ya koma, ba a kansa na ɗauko ba. Maganar ta soke ni, shi ya sa na yi masa tsawa.

Rana ta uku da safe motocin kwamiti suka tashi. Ina tsaye a ƙofar Inna Hurera da kofin koko a hannu na ga wucewarsu. Ta ƙarshen tamfol ɗinta ya lotsa daga tsakiya zuwa baya, ko makaho ya san ba ta cika ba. Shef yana bakin hanya, ya juyo ya dube ni, ya jira kaɗan. Na kau da kai. Na ce wa Garba, yadda na kusa za su ji, "Allah ya kai su kasuwa lafiya." Wannan maganar da bakina na faɗe ta, kuma ba ranar da ba ta dawo mini.

Bayan la'asar aka ce motar da ta kwana biyu a fili dole a bincike ta. Wani soja ya kwance buhu ɗaya, ya naɗe bakinsa don ya tura hannu, sai ya tsaya. A cikin buhun, ta ɓangaren da ke manne da shinkafa, akwai rubutu da tambari. Ya kwance na biyu, haka. Na uku, haka. Cikin talatin, ashirin da biyu. Shef ya zo ya duba, fuskar nan mai sanyi ta canja. Ya ce tambarin wata ƙungiyar agaji ce ta ƙasashen waje, wadda ba ta da izinin aiki a ƙasarsu, kuma an rubuta cewa kyauta ne, ba na sayarwa ba.

"Hajiya, wa ya aiko ki? Mi ya sa anka juya buhunan ciki waje?"

Aka karɓe takardun Garba da makullin mota, aka ce ya zauna a benci kada ya motsa. Na dubi ƙanin mijina, mutumin da ya bar lodin tumatir ya kawo ni kyauta, ga shi an zaunar da shi saboda ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce a ba ni kujera zan yi bayani.

Shekarun baya, da ruwa ya yi ɓarna a ƙauyukan da ke ƙasa da Bunkure, an kawo kayan agaji. Wani mutum ya zo sitona da rana tsaka da shinkafa a mota, a farashin da ko wawa ya san ba na Allah da Annabi ba ne. Na ga tambarin. Ban tambaya ba, don na san amsar. Na juye ta a manyan robobi na sayar kwano-kwano, kuma cikin masu saye har da matan ƙauyukan da aka aiko wa ita. Suna ta yi mini godiya wai na fi kowa sauƙi. Buhunan kuwa masu ƙarfi ne, saƙa biyu, zubar da su asara ne. Sai na yi abin da duk ɗan kasuwar hatsi ya iya, na juya su ciki waje na ɗinke, na jibge. Shekaru suka wuce har na manta abin da ke cikinsu.

Duk wannan na faɗa, a ofishin da na tsaya shekaranjiya ina wa'azi, a gaban yaran da suka ji wa'azin. Garba ma ranar ya fara ji. Shef ya juya biro a hannu. Sannan ya ce, "Ashe shi ya sa kinka san hanyar da kayan taimako ka bi su kai kasuwa."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, to ni a kan nawa na hau har ina neman sabis. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, ko a gidan surukai.

Shef ya mayar wa Garba makullinsa. Ya ce a samo fararen buhuna a juye, waɗancan kuma a ƙone. Ni da Inna Hurera da maƙwabtanta muka yi juyen, ba wadda ta tambaye ni komai, wannan ma wani dukan ne. Na sa hannu. Na tambaye shi yaushe mota za ta sake tafiya ɓangaren Rafin Gawo. Ya ce hanya ta lalace, sai an haɗa ayari, nan da kwana goma in Allah ya so. Ya ce in ina son ganin aminiyata in tafi a matsayin baƙuwa, da tsarabar da zan iya ɗauka a hannu. Kwano shida na ƙulla a ɗankwali biyu.

Da safe muka shiga ƙaramar mota ni da Garba, mutum tara a wurin mutum biyar, har da akuya a kan cinyar wani tsoho. Inda kwalta ta ƙare muka hau amalanken shanu. A wani wuri ruwa ya kai cikin shanun, na ɗora ƙullin shinkafar a ka, takalmina ɗaya ya tafi. Garba bai tsokane ni ba, tun jiya bai ce mini matar Yaya ba. Gefen hanya gero ne kwance cikin laka, ya yi baƙi, ga kuma bangayen ƙasa da suka narke suka bar ƙofofi a tsaye.

Makarantar tana kan ɗan tudu. Kowane aji gida biyar ko shida ne a ciki, an raba da igiya da zannuwa. Yaya Rabi na zaune a bakin ajin ƙarshe tana tsinke ganyen tafasa. Sai da na yi sallama sau biyu ta ɗago. Ta rame har ɗankunnenta ya yi mata nauyi. Ta riƙe ni tana ta cewa, "Hajiya, ke ce? Da ƙahwarki?" Ta share mini wuri a tabarma, ta kawo ruwa, ta kawo kwaɗon tafasa da ba ƙuli ba mai, gishiri kawai. Ta ce in yi haƙuri da abin da ya samu. Na ci, domin ƙin ci ya fi muni. Jikokinta biyu suka zo suka gaishe ni. Ƙaramar ba ta taso ba, tana kwance a bayan zani, ƙafafunta sun kumbura.

Bari in faɗa muku tun yanzu don kada ku tambaya. Shinkafarku ta isa, bayan kwana goma sha ɗaya, kuma an raba ta a gaban jama'a, buhu talatin cif. Ƙaramar yarinyar sai da aka kwantar da ita a asibiti, ta tashi, amma har yanzu an ce ba ta koma yadda take ba. Har gobe ina ganin da sun buɗe mana hanya ranar farko da abinci ya isa da wuri, kuma dokar da ke tsayar da buhu alhali yaro na kuka tana da abin dubawa. Sai dai su sun ba ni ƙofa, har sun gaya mini ranar da za a rufe ta. Ba dokarsu ce ta riƙe shinkafar nan kwana uku ba.

Da na kwance ɗankwalayen na tura mata kwano shidan, Yaya Rabi ta sa hannu a ciki ta daɗe tana juyawa. Ta ce tun daga ƙamshi ta san turarar rumfarmu ce. Ta kira matan ajin ta ce su zo su ga abin da ƙanwarta ta ɗauko a kai tun daga Kano. Nan take ta fara rabawa da gwangwani, gida shida. Na tambaye ta, da muryar da ban gane tawa ce ba, ko motocin gwamnati ba su zo ba.

"Sun zo jiya, Allah shi saka masu. Unguwa-unguwa anka kira suna, kowa ya samu. Mu ne na ƙarshe, kahin a kai gare mu kaya sunka ƙare. Kaɗan ya rage, Hajiya, buhu ashirin da 'yan kai da sun ishe mu."

Ta ci gaba da awo tana magana, ba ta ko dube ni ba.

"Mai rabon ya ce wai akwai wata mota cike da shinkahwa bakin iyaka, mai ita ya hana a taho da ita. Munka ce wani babban ɗan kasuwa ne, irin waɗanda ba su taɓa kwana da yunwa ba. Matan ga sun so su zage shi, liman ya hana. Ya ce wanda ya ɗauko abinci har bakin ƙohwa akwai sauran alheri gare shi, mu roƙa mashi shiriya."

Ta ajiye gwangwanin, ta ɗaga hannuwanta da ƙurar shinkafa a jiki. Matan ajin duk suka ɗaga nasu. Garba yana tsaye a bakin ƙofa yana kallona.

"Allah shi shirye shi, Hajiya. Allah kar shi gwada mashi abin da ɗiyanmu sunka gani."

Na ɗaga nawa hannun, na ce amin.